Kwana Arba'in Na Mai Jego

Wannan mako zancenmu na jego ne, amma ba da mai jegon kaɗai nake ba. Da ku masu yi mata hidima nake, watau iyaye da surukai da abokan zama da maƙwabta.

Ko a Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko can Babura ta bakin iyakar Nijar, al'adarmu ɗaya ce. In cikin fari ne, yarinya ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. In ta sauka, maigida ya kawo itace da kayan yaji, a dafa ƙauri, a dama kunu, tsohuwa ta dafa ruwan wanka safe da yamma da ganyen darbejiya, 'yan barka suna shiga suna fita. Ba daka, ba surfe, ba zuwa rijiya, sai ta yi arba'in. Kada wadda ta raina wannan. A Amurka, inda baƙar mace ta fi farar mace haɗarin mutuwa ta dalilin haihuwa wajen sau uku, kuɗi ake biyan waɗansu mata su zauna da mai jego, su dafa mata abinci, su riƙe jariri ta samu barci. Abin da suke saye da dala, mu gadonsa muka yi.

To, amma ko hatsin gida sai an sheƙe shi. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka lura da yawan masu jego da ake kawowa Zariya da haki da kumburi, zuciyarsu ta gaza. Suka ɗora laifin a kan yawan kanwa, da zafin ruwan wanka, da kwanciya bisa gadon ƙasa wanda aka hura wuta ƙarƙashinsa. Kanwa dai 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciya ta yi ta fama da kayan da ya fi ƙarfinta. Daga baya likitocin asibitin Malam Aminu Kano suka bincika, suka nuna ramar uwa da hawan jini lokacin ciki su ma suna da hannu. A ganina, ruwa mai ɗumi ya isa, ba wanda zai saɓule fata ba. Kunu kuwa a yi na gyaɗa, a rage kanwa ƙwarai. A ba ta wake da ƙwai da zogale da nama, kada duk kuɗin su ƙare a atamfar suna.

Babban aikinku shi ne sa ido, gama mai jego tana da kunya, musamman ta fari, ba za ta buɗe baki gaban suruka ta ce ga abin da ke damunta ba. Jinin da ke jiƙa zane bayan zane, zazzaɓi tare da biƙi mai wari, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, hakin da ke hana ta kwanciya sai a zaune, duk wanda kuka gani cikin waɗannan ba na jiƙo ba ne, ba kuma na jiran gari ya waye ba ne. Akwai babban asibiti a Kazaure, akwai a Babura. Jihar Jigawa ta kafa shirin Haihuwa Lafiya domin a riƙa kai matan karkara asibiti da gaggawa, amma mota ba ta zuwa sai an kira ta. Tun ciki na wata bakwai a san direban da za a tasa da dare, a kuma ajiye kuɗin mai. Matan unguwa da ke adashi, me zai hana ku ware kwasa ɗaya domin wannan?

Akwai kuma ciwon da ba ya kumbura. Mai jego ta yi ta kuka ba dalili, ta ƙi abinci, ta kasa barci ko jariri ya yi, ko ta ƙi ɗaukarsa. Nan da nan sai a ce iska ce, ko a ce shagwaɓa. Ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana da magani. In ya haura mako biyu a gaya wa malamar asibiti, kuma kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki.

Ku 'yan makaranta, ga naku. Kakar da ke dafa ruwan nan ita ma jiki gare ta. Ku karɓe ta ɗiban ruwa da wankin tsummoki in kun taso, ku karanta wa yayarku abin da aka rubuta a katinta. In kun ji ana shirin matse dakashi a zubar, ku faɗa cikin ladabi cewa shi ne rigakafin jariri na farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da jariri sau huɗu: ranar haihuwa, da kwana 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako 6. Lissafin ba wuya, kusan namu ne. Na uku ya faɗo daidai bayan suna, na ƙarshe kuwa kwana biyu bayan arba'in, ranar da jariri zai karɓi allurarsa ta mako shida. Sai a fara biyawa ta asibiti da kati a hannu, kāna a wuce yawon arba'in.