Tuƙar Rake Ba Shara Ba Ce

Duk wanda ya ratsa ƙasar Maƙarfi lokacin matsar rake zai ga tuƙa tsibi-tsibi a gindin injin mazarƙwaila. Wasu su shanya ta su hura wutar dahuwa da ita, sauran kuwa a bar wa iska. Tan ɗaya na rake yakan bar tuƙa wajen kilo 300, ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya sa tuƙa ke daɗewa ba ta ruɓe ba shi ne zarenta. Wajen kashi 40 cikin 100 na busasshiyar tuƙa wani zare ne da ake kira selulos, irin na auduga. Shi kansa sukari ne, amma a ɗaure tamau, ga kuma wani abu mai tauri kamar itace ya lulluɓe shi.

Mai kwance wannan ɗauri shi ne fumfuna. Ba ta da baki. Sai ta fitar da wani ruwa, kamar yawu, ya tsinka zaren ya koma sukari, sa'an nan ta tsotse. Baƙar fumfunan nan da kan ɓata albasa a rumbu tana daga cikinsu. Gara ma, da ake ganin ƙarfin haƙorinta, noman fumfuna take yi cikin suri don ta narka mata kara.

Wadda ta fi suna, watau Trichoderma reesei, an gano ta ne a tsibiran Solomon lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tana cinye tantunan sojan Amurka. Yanzu ana kiwonta a manyan tukwane don ruwan nata. A Barazil, a 2014, an buɗe masana'anta a jihar Alagowas mai juya ragowar rake zuwa man mota da irin wannan ruwa.

To, manomi fa? Kada ka watsa ɗanyar tuƙa a gona dab da shuka. Masu ruɓar da ita za su janye abincin ƙasa, ganyen masara ya yi rawaya. Sassare ta, ka jera ta a rami, shimfiɗar tuƙa, shimfiɗar kashin shanu. Yayyafa ruwa ta jiƙe, amma kada ta yi tsamo-tsamo, don fumfuna na son iska. Riƙa juyawa bayan mako biyu-biyu har ta yi baƙi tana marmashewa, abin da kan ɗauki watanni.

Tuƙar da ta yi fumfuna kuwa, kada a ba dabbobi, domin waɗansu ire-irenta suna da dafi.