Tawada Huɗu Kacal: Abubuwan Mamaki daga Maɗaba'a

Hoton kalanda, fastar ɗan takara, bangon littafi, galibinsu tawada huɗu ce ta fitar da su: shuɗi mai haske, ja mai kama da ruwan hoda, ruwan ɗorawa da baƙi. Babu koriyar tawada a cikin injin. Ka ɗora madubin ƙara girma a kan ganyen da ke hoton, za ka tarar ɗigo-ɗigon shuɗi ne da na ruwan ɗorawa cakuɗe da juna, idonka ne ya mayar da su kore.

Shi ya sa kafin bugu sai an raba aikin gida huɗu, kowane launi da farantinsa. Dabarar kuwa ta kwana biyu. Tun wajen 1710 Jacob Christoph Le Blon, haifaffen Frankfurt, yake buga hoto da farantan tagulla uku, kuma da ido yake raba launukan. Ya bayyana hanyar a littafinsa Coloritto a 1725, amma kamfaninsa na Landan karyewa ya yi.

To me ya kawo baƙi cikin lissafi? In ka haɗa sauran ukun, ruwan ƙasa mai dauɗa za su ba ka, ga jiƙa takarda. Ita ma takardar tana da iyakar abin da za ta sha. Tawada huɗu cike kashi 400 ke nan, alhali yawancin maɗaba'u ba sa son a wuce wajen kashi 300, takardar jarida ma wajen 240. Da an wuce, aiki ya ƙi bushewa, ya riƙa shafar bayan takardar da ke kansa.

Ɗigogin ma ba a jera su ta fuska ɗaya. A al'ada baƙi na kan kusurwar digiri 45, ja 75, shuɗi 15, ruwan ɗorawa sifili. Da an kuskure wannan, sai wani zane mai kama da saƙar tabarma ya fito a fuskar mutum.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne farin rubutu da ke ɓacewa. A irin wannan bugu babu farar tawada. Fari takarda ce da aka bari ba a taɓa ba. Idan mai zane ya umarci farin rubutu ya hau kan launin da ke ƙasansa, maimakon a huda masa gurbi, a allon kwamfuta zai zauna ras, a takarda kuwa ko sama ko ƙasa. Haka sunan amarya kan iya ɓacewa daga katin gayyata dubu. Abin takaicin, minti biyu ya isa a kama kuskuren. Adobe Acrobat da InDesign da CorelDRAW duk suna iya nuna faranti ɗaya-ɗaya tun kafin a taɓa inji. A nan ne kuma ake gano ƙananan haruffa baƙaƙe da suka watsu a faranti huɗu, waɗanda da takarda ta goce kaɗan za su fito da inuwa. Ni dai a ganina mai aiki na da haƙƙin cewa, "Malam, nuna mini farantan tukuna," kafin ya biya.

Allo da haske yake zane, takarda da tawada, don haka shuɗin nan mai walƙiya yakan sauko takarda ya karkata zuwa shunayya. Fitila ma tana yaudara, har aka tsayar da hasken duba samfuri a 5000 bisa ma'aunin launin haske na Kelvin.

Launin da huɗun suka gaza, sai a dama masa tawadarsa daban. Tsarin lambobin Pantone na 1963 ke nan. Ɗaya daga ciki, 448 C, ruwan ƙasa mai duhu, Ostireliya ta zaɓe shi a 2012 don kwalin taba, saboda bincike ya nuna shi mutane suka fi ƙi.

Ƙaramin murabba'i mai launi da ake bugawa a gindin robar man goge baki fa? Ana ta yaɗawa a WhatsApp cewa yana nuna sinadaran da ke ciki. Ba haka ba ne. Alama ce da na'ura ke karantawa ta san inda za ta yanke ta liƙe.