TSAKANIN SA'A DA GWANINTA: YADDA AKE AUNA GOGAYYA A GASAR ƘWALLON ƘAFA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar masu sha'awar ƙwallon ƙafa ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa, watau wace gasa ce ta fi zafi. Wani ya ce ta Ingila, domin ƙaramar ƙungiya takan kayar da babba. Wani ya ce ta Jamus ba gasa ba ce, tun da an san mai kofi kafin a buga wasan farko. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda masana ilmin ƙididdiga suke auna wannan abu, wanda za mu kira gogayya, ta kuma nuna cewa teburin maki ba ya raba gardamar sai an ware rabon sa'a daga rabon gwaninta, an kuma fayyace irin gogayyar da ake nufi.

Batun ya wuce hirar majalisa. A cikin 1956 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Simon Rottenberg, ya yi nazarin wasan besbol, ya ce abin da ke jawo 'yan kallo shi ne rashin sanin wanda zai yi nasara. A 1964 kuma Walter Neale ya buga misali da 'yan dambe biyu, Joe Louis da Max Schmeling. Ɗan kasuwa yakan so abokan gasarsa su durƙushe, amma ɗan dambe in ya rasa abokin karawa mai ƙarfi ya rasa abincinsa. Haka ƙungiyar ƙwallo take: tana son ta fi kowa, amma in ta fi kowa da nisa, abin da take sayarwa ya rage daraja.

Ƙarancin ci da rabon sa'a

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci. A gasar Firimiya ta Ingila, yawanci abin da ƙungiyoyin biyu suke ci a wasa ɗaya, in an haɗa, bai cika kai uku ba. Kakar 2023 zuwa 2024, wadda aka zura ƙwallo 1,246 a wasa 380, ita ma uku da 'yan kai ne kowane wasa ya samu. A 1968 Charles Reep da Bernard Benjamin suka wallafa nazarin wasanni masu yawa da Reep ya daɗe yana rubutawa da hannu a bakin fili, suka nuna cewa wajen bugu goma ake kai wa raga kafin ɗaya ya shiga. Inda abu yake da wuyar aukuwa haka, turken raga ko zamewar mai tsaron gida sun isa su juya wasa.

Masana sun lura cewa yawan ƙwallayen da ƙungiya take ci yana bin wani tsarin lissafi da ake jinginawa ga Bafaranshen nan Poisson, wanda ya bayyana shi a 1837. Tsari ne na ƙirga abubuwan da ke faruwa jifa-jifa ba tare da wani ya jawo wani ba. Wani abin mamaki, sanannen misalin da aka fara gwada shi da shi, a 1898, shi ne yawan sojojin Furushiya da dawaki suka harba suka mutu. M. J. Maher ya ɗora shi a kan wasannin Ingila a 1982, Dixon da Coles suka yi masa gyara a 1997.

Ga abin da tsarin yake nunawa. A ɗauka ƙungiyoyi biyu za su kara, ta farko ta saba cin ƙwallo biyu a irin wannan wasa, ta biyu kuwa ɗaya, watau ta farko ta ninka ta biyu ƙarfi. In suka buga sau 100, lissafi ya ba ta farko nasara 61, kunnen doki 21, ta biyu kuwa ta yi nasara sau 18. Ke nan kusan sau biyu cikin biyar, wadda ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba za ta bar fili ba ta yi nasara ba. Don haka in ƙungiyar ƙasan teburi ta doke ta sama a ranar Asabar, wannan bai zama shaidar cewa gasar tana da zafi ba. Ɗabi'ar wasan ce, kuma ana ganin haka a kowace gasa ta duniya.

Teburin da sa'a kaɗai ta rubuta

To, in wasa ɗaya bai isa shaida ba, sai a koma ga kakar wasa sukutum. A nan ma akwai tarko. Bari mu ƙaddara gasa mai ƙungiyoyi 20 waɗanda ƙarfinsu ɗaya ne sak, kowace ta buga wasa 38, ana yin kunnen doki a wasa ɗaya cikin huɗu, sauran kuma a raba su daidai tsakanin nasara da faɗuwa. Matsakaicin makin kowace ƙungiya zai zama wajen 52. Sai dai ba za su taru duka a kan 52 ba. Wata za ta dace, wata ta yi rashin dace, har nisan da aka saba samu daga matsakaici ya kai maki 8. A irin wannan gasa, wadda ta zo ta ɗaya za ta sami kimanin maki 67, ta ƙarshe kimanin 37. Tazarar maki 30 ke nan tsakanin ƙungiyoyin da babu wadda ta fi wata da komai. Da 'yan jarida za su ga wannan teburi, da sun yabi mai horar da ta ɗaya, sun nemi a kori na ta ƙarshe.

A kan wannan tunani aka gina ma'aunin da ake kira da sunan Roger Noll da Gerald Scully. Yadda ake yi shi ne a auna warwatsuwar makin gasa ta gaske, a raba da warwatsuwar da sa'a kaɗai za ta kawo. In amsar ta kusanci 1, ƙungiyoyin kusan tsara ne. In ta haura 2, akwai manya da ƙanana.

Mu gwada da kakar 2017 zuwa 2018 a Ingila. Manchester City ta sami maki 100, Manchester United ta bi ta da 81, West Bromwich ta zo ta ƙarshe da 31. Jimlar makin ƙungiyoyin 20 ita ce 1,041, matsakaici 52, daidai da na gasarmu ta ƙaddarawa. Amma nisan da aka samu daga matsakaici ya kusan kai maki 19 maimakon 8, watau ninki biyu da ɗoriya. Lalle akwai bambancin ƙarfi na gaske. Abin da ya fi jan hankali kuwa yana tsakiyar teburin. Daga Burnley da ta zo ta 7 da maki 54 zuwa ta ƙarshe, ƙungiyoyi 14 ne a cikin tazarar maki 23 kacal, wanda bai wuce abin da sa'a za ta iya kawowa ba. A ganina gasa biyu ce aka buga a teburi ɗaya: ta manya shida, da ta sauran da suke kusan tsara. Burnley ɗin nan da aka yi ta yabo, a kakar da ta biyo baya ta 15 ta zo, da maki 40.

Dole a yi hattara in ana kwatanta zamani da zamani. Kafin 1981 maki 2 ake ba wadda ta yi nasara a Ingila, daga wannan shekara aka mai da shi 3, kuma wannan yana faɗaɗa tazarar teburi ko da ƙarfin ƙungiyoyi bai sauya ba. Yana ma iya sauya mai kofi. A 1995 Blackburn ta ɗauki kofi da maki 89, United tana da 88. Da tsohon lissafi aka bi, da kowacce tana da 62, United ta wuce da bambancin ƙwallaye.

Kofin a hannun wa yake kwana?

Nau'in gogayya na biyu ba ya cikin teburin shekara guda. Sai an jera shekaru an duba ko kofin yana yawo ko kuwa a gida ɗaya yake kwana. A 2023 Bayern Munich da Borussia Dortmund sun gama da maki 71 kowacce, bambancin ƙwallaye ne ya raba su a ranar ƙarshe. In da wannan kaka kaɗai za a duba, sai a ce babu gasar da ta kai ta Jamus zafi, alhali kuwa wannan shi ne kofi na 11 a jere da Bayern ta ɗauka tun daga 2013, sai a 2024 Bayer Leverkusen ta katse shi. A Italiya ma Juventus ta ɗauka sau 9 a jere, daga 2012 zuwa 2020.

Masana sun aro ma'aunin da ake auna mamayar kasuwa da shi. Akan ɗauki rabon kowace ƙungiya daga kofunan, a ninka shi da kansa, a tara. A kaka 33 na Firimiya daga 1993 zuwa 2025, United ta ɗauki 13, City 8, Chelsea 5, Arsenal 3, Liverpool 2, Blackburn da Leicester ɗaya-ɗaya. Lissafin ya ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ma'ana kamar a ce ƙungiyoyi huɗu ne suke raba kofin daidai-wa-daida. A Sikotland kuwa, bayan Aberdeen a 1985, kofuna 40 na 1986 zuwa 2025 duk tsakanin Celtic da Rangers suka tsaya, 22 da 18, lissafin ya ba da rabi. A kwatanta wannan da Ingila ta da: daga 1959 zuwa 1965 ƙungiyoyi bakwai daban-daban suka ɗauki kofi a shekaru bakwai, haka kuma aka sake yi daga 1967 zuwa 1973.

Ana yawan kafa hujja da Leicester City ta 2016, wadda 'yan caca suka ƙiyasta damarta ɗaya cikin 5,000 bayan ta zo ta 14 a shekarar da ta gabata. Abin al'ajabi ne, babu musu. Amma teburin wannan kaka bai matse ba: Leicester ta sami 81, Aston Villa ta ƙare da 17, tazarar maki 64. Sunan da ke sama ne ya sauya, siffar teburin tana nan yadda aka saba. Kakar 1996 zuwa 1997, wadda United ta ɗauki kofi da maki 75 kawai, Nottingham Forest ta ƙarshe tana da 34, ta fi ta matsewa ƙwarai, ko da yake ba wanda yake tuna ta da mamaki.

Dalilin da ya sa kofi ya daina yawo ba ɓoyayye ba ne. Binciken Stefan Szymanski a kan ƙungiyoyin Ingila ya nuna cewa in aka ɗauki shekaru da yawa, albashin da ƙungiya take biya yana bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na bambancin matsayi a teburi. Har zuwa 1961 akwai dokar da ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 20 a mako a Ingila, saboda haka mai kuɗi bai iya tattara gwanaye da albashi ba. Aka soke ta, sa'an nan kuɗin talabijin da na Gasar Zakarun Turai suka shigo daga 1992, hukuncin Bosman na 1995 kuma ya ba ɗan wasan da kwantaraginsa ya ƙare damar tafiya inda ya so.

Gida da waje

Saura nau'i na uku, wanda ma'aunan nan biyu duk suke iya ɓoyewa. A ƙaddara gasa mai ƙungiyoyi 20 inda kowace take cin duk wasanninta 19 na gida, ta faɗi duk 19 na waje. A ƙarshen kaka kowacce tana da maki 57. Ma'aunin Noll da Scully zai ce ba a taɓa ganin daidaito irin wannan ba, alhali babu wasa ko ɗaya da ɗan kallo bai san sakamakonsa ba tun daga gida. Shakkar da Rottenberg ya ce ita ce jarin wasa ta ɓace ɗungurungum.

Rinjayen gida abu ne da aka sani a ko'ina, kuma annobar korona ta ba masana damar gwada shi. A kakar 2020 zuwa 2021, da aka buga yawancin wasannin Firimiya ba 'yan kallo, baƙi sun yi nasara sau 153, masu gida sau 144, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin babbar gasar Ingila. Wannan ya nuna cewa taron jama'a, da tasirinsa a kan 'yan wasa da alƙali, yana da babban rabo a ciki.

A nan ne gasar Nijeriya ta zama abin nazari. Daga 2021 zuwa 2025 ƙungiyoyi biyar daban-daban suka ɗauki kofi: Akwa United, Rivers United, Enyimba, Rangers ta Inugu, da Remo Stars. In da ma'aunin yawon kofi za a bi, ta fi Ingila da Jamus gogayya. Amma gasa ce da aka daɗe da sanin wuyar cin wasa a waje a cikinta. Kano Pillars ta shafe shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a doke ta a gida a wasan gasar ba, sai da Nasarawa United ta zo ta yi. Inda kowa yake cin na gidansa, teburi yakan matse, maki kaɗan na waje su yanke kofi, sa'a kuma ta sami fili mai faɗi. Mai son ya auna wannan gasa da gaske sai ya raba teburin biyu, na gida daban, na waje daban, ya duba nawa ne cikin wasannin kaka baƙo ya tafi da maki 3.