Baƙin da Suka Zo Aiki, Tsufa Ya Riske Su a Jamus

A shekarar 1961 Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya don a kawo mata leburori. Samari suka yi ta kwarara daga ƙauyukan Anatoliya zuwa ma'adinan kwal na yankin Ruhr da masana'antar motoci ta Ford a Kolon. Kowa ya ɗauka zaman na ɗan lokaci ne: a yi shekara biyu ko uku, a tara abin gina gida, a koma. Ko da aka dakatar da ɗaukar ma'aikatan a 1973, da yawa ba su koma ba, sai ma suka aika aka kawo musu matansu da 'ya'yansu. Yau da yawa daga cikin waɗancan samarin sun haura shekara tamanin, kuma ba su ba, ba ƙasar da ta gayyato su ba, babu wanda ya yi tanadin tsufansu a can.

Gidan kula da tsofaffi na Jamus an tsara shi ne bisa al'adar Bajamushe. Abincin rana yakan zo da naman alade, bukukuwan da ake yi na Kirsimeti ne da Ista, waƙoƙin da ake rera wa tsofaffi don tuna ƙuruciya kuwa ba su da alaƙa da ƙuruciyar wanda ya tashi a Konya ko Sivas. Dattijuwar da ba ta taɓa buɗe kanta gaban baƙon namiji ba, sai ta ga namiji ne zai yi mata wanka. In ta ƙi, a rubuta cewa tana da taurin kai.

Babban tashin hankalin yana zuwa ne da gigin tsufa. Likitoci sun daɗe da lura cewa wannan ciwo yakan fara cinye harshen da mutum ya koya da girmansa, ya bar masa na goyo. Tsohon da ya yi shekara arba'in yana ciniki da Jamusanci sai ya wayi gari ba ya jin komai sai Turkanci ko Kurdanci. Yana jin ƙishirwa, ko cikinsa na ciwo, yana faɗa, mai jinya na kallonsa kawai. Har gwajin gano ciwon ma da tambayoyi ake yin sa cikin Jamusanci, don haka wani a ce ya gigice alhali tambayar ce bai gane ba, wani kuma ciwon ya yi nisa kafin a farga.

A 2006 aka buɗe wani gida a unguwar Kreuzberg ta Balin musamman don tsofaffin Turkawa, da ɗakin salla, da abincin halal, da ma'aikata masu jin yaren. Abin mamaki, gadajen ba su cika ba, har daga baya aka sauya masa suna aka buɗe shi ga kowa. Tsada na cikin dalilan, domin fanshon lebura bai taka kara ya karya ba. Sai kuma kunya: a idon dangi, wanda ya kai mahaifinsa irin wannan gida ya yar da shi ne. Nauyin sai ya koma kan 'ya'ya mata da surukai, waɗanda su ma suna da aikin yi da yaran da za su raina.

To me ya hana su komawa gida? Jikoki suna Jamus, likitan da ya san ciwonsu yana Jamus, kuɗin jinya da inshorar kula da marasa ƙarfi ke biya tun 1995 kuma yakan tsaya idan mutum ya wuce 'yan makonni a Turkiyya. Masu sauran ƙarfi sukan raba shekara biyu, rani a Turkiyya, hunturu a Jamus. Da yawa suna biyan asusun jana'iza na ƙungiyar masallatai ta DITIB don a mayar da gawarsu mahaifa.

Abin da ya fi karɓuwa yanzu shi ne cibiyoyin wuni, inda tsoho zai sha shayi da sa'o'insa ya koma gida da yamma, da kuma masu jinya da ke bi gida-gida. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙananan kamfanoni masu aiki da Turkanci, 'ya'ya da jikokin leburorin ne suka kafa su.