Kitsen Jini Da Shanyewar Ɓarin Jiki: Wa Ke Auna Iyayenmu Mata?

A ƙasar Hausa, mace ta fi kusantar asibiti a shekarunta na haihuwa. Duk lokacin da ta je awon ciki akan auna jininta, a duba fitsarinta, a kuma ba ta shawara. Amma da zarar ta daina haihuwa sai hulɗarta da likita ta yanke, ba ta komawa sai ciwo ya kayar da ita. Abin takaici, a daidai wannan lokacin ne haɗarin shanyewar ɓarin jiki ke ƙaruwa a gare ta, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne yawan kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolastirol.

Shi wannan kitse jiki na bukatarsa, hasali ma hanta ce ke sarrafa mafi yawansa. Sai dai iri-iri ne. Akwai LDL, wanda idan ya yi yawa yakan taru a bangon jijiyoyin jini har hanyar ta ƙuntata, akwai kuma HDL mai kwashe rarar ya mayar wa hanta. Idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, sashen da take ciyarwa yakan fara mutuwa cikin 'yan mintoci. Daga nan sai a ga baki ya karkace, hannu ko ƙafa sun saki, magana ta sarƙe.

Me ya sa muka ware mata? Muddin mace tana al'ada, sinadarin estirojin yana taimaka mata wajen rage LDL. Idan al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55, wannan kariya takan ragu, kitsen kuma ya hau. Haka nan matar da ta yi fama da hawan jini lokacin goyon ciki tana cikin ƙarin haɗari a gaba, ko da shekaru sun shuɗe.

A shekarar 2007 masu bincike a Amurka suka fitar da sakamakon nazarin mata fiye da 27,000, masu shekara 45 zuwa sama, waɗanda aka bi diddigin lafiyarsu kimanin shekaru 11. An gano cewa waɗanda kitsen jininsu ya fi yawa, haɗarinsu na toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ya kai ninki biyu na waɗanda nasu ya fi ƙaranci. Abin lura shi ne, dukkansu lafiyayyu ne a ido lokacin da aka fara nazarin.

Kada mai karatu ya ce wannan matsalar Turawa ce. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya fito a 2018 bayan nazarin majinyata fiye da 2,000, maza da mata. Hawan jini ne ya zo kan gaba da tazara mai nisa, matsalar kitsen jini ta biyo shi. A jerin kuma akwai yawan cin nama, taruwar teɓa a ciki, ciwon suga, ƙarancin cin ganyaye da ƙara gishiri a kan abinci.

Idan muka dubi gidajenmu da idon basira, za mu ga yadda muke taimaka wa cutar. Har yanzu mutane da dama na ɗaukar ƙibar mace a matsayin shaidar cewa miji na kula da ita, har wasu mata na shan magungunan ƙara ƙiba ba da izinin likita ba. Matar da Allah Ya buɗa wa gidanta takan bar daka da surfe, ta koma zama, ga man shanu, ga manja, ga soye-soye da man da aka maimaita sau da yawa. To amma ramammiya ma ba ta tsira ba, domin akwai masu gadon matsalar daga iyaye. Kitsen jini ba ya ciwo, ba ya kuma nuna alama. Gwaji kaɗai ke tona shi.

Saboda haka nauyi yana kan masu ilimin cikinmu. Wanda ke iya biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa ba zai gaza kai mahaifiyarsa ko uwargidansa awon jini da gwajin kitse da na suga ba. Likitoci na son jimillar kolastirol ta tsaya ƙasa da miligiram 200 a kowace desilita. Idan ta haura, akwai gyaran abinci: a rage kitsen nama da suya, a yawaita wake, zogale, rama, alayyafo da kifi, a kuma riƙa tattaki na rabin awa a yawancin ranakun mako. Idan hakan bai wadatar ba, akwai magungunan da ake kira sitatin, waɗanda likita ne zai rubuta su, kuma mai juna biyu ko mai shayarwa dole ta sanar da shi halin da take ciki.

Su ma hukumomin lafiya na jihohinmu ya kamata su waiwayi matan da suka wuce shekarun haihuwa, ta hanyar ware musu ranar gwaji a asibitocin unguwa, kamar yadda aka ware wa masu awon ciki.

Idan kuwa abin ya riga ya auku, aka ga baki ya karkace ko ɓarin jiki ya saki, kada a ɓata lokaci ana cewa shafar aljanu ce ko sammu. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti. Maganin narkar da gudan jini yana da wa'adin kimanin awa huɗu da rabi daga fara alamun, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa kafin a bayar da shi. Matar da ta yi shekara talatin tana jinyar kowa a gida ta cancanci a kashe mata kuɗin gwaji tun tana tsaye da ƙafafunta. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.