Adon Kirsimeti na zamanin mulkin mallaka a Amurka: Tarihi ne ko ƙirƙira?

Duk watan Disamba, masu yawon buɗe ido na tururuwa zuwa Williamsburg da ke jihar Virginia a Amurka, domin kallon ƙofofin gidaje da aka ƙawata da kambun ganye mai ɗauke da abarba da lemo da tuffa. Da yawansu na komawa gida da yaƙinin cewa haka aka yi bikin Kirsimeti lokacin da Birtaniya ke mulkin yankin.

Sai dai masana tarihi sun ce ba haka abin yake ba.

Williamsburg ce hedikwatar Virginia daga 1699 zuwa 1780. A wancan lokaci abarba da lemo kayan marmari ne masu tsada, waɗanda ake shigo da su ta jirgin ruwa. Wanda ya samu, teburin baƙi yake kai su, ba zai rataye su a waje sanyi da tsuntsaye su lalata ba.

Adon wancan zamani bai wuce ganyen itatuwan da ba sa kaɗewa da hunturu ba. Akan tsinko su daga daji a jera a coci, wasu kuma su sa a tagogi. An fi ba da ƙarfi ga ibada da liyafa da ziyara, har zuwa 6 ga Janairu.

A Massachusetts kuwa, hukumomi haramta bikin suka yi a 1659, inda duk wanda aka kama zai biya tarar sule biyar. Sai a 1681 aka soke dokar.

Ita ma bishiyar Kirsimeti baƙuwa ce. Wani malami Bajamushe, Charles Minnigerode, ne ya fara kafa ta a Williamsburg a 1842, shekaru da dama bayan samun 'yancin kai.

To daga ina kambun 'ya'yan itatuwan ya samo asali? Daga shekarun 1930, bayan attajiri John D. Rockefeller Jr. ya ɗauki nauyin sake gina tsohon garin. Masu adon sun kwaikwayi salon iyalan della Robbia, masu fasahar Italiya na ƙarni na 15.

Adon dai ya karɓu har ya zama al'ada, amma bai kai shekara ɗari ba. Waɗanda ake jingina shi gare su ba su taɓa ganinsa ba.