Ikko: Abin da ya kamata ɗan Arewa ya gani kafin ya juyo gida

Mu da muka tashi a Kongolam, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, mun san sunan Ikko tun kafin mu taka Katsina. A jikin manyan motoci muka san shi, waɗanda kan kwana a layi gaban shinge suna jiran a buga musu takarda su wuce Damagaram. Direbobin kan ce daga Apapa suke, daga bakin teku, mu kuwa yara babu ruwan da muka sani ya wuce na kududdufin bayan gari da na rijiyar Kusugu idan an kai mu Daura kallon hawan Salla. Sai da na girma na shiga nazarin harshe na tarar cewa ita kanta kalmar teku, a ganin wasu masana, aro ce daga Yarbanci, daga etí òkun, wato gaɓar babban ruwa. Ashe fataken goro ne suka ɗauko mana sunan, suka bar ruwan a can.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tafiya da na yi da kawuna a watan Disambar 2023. A lokacin iyaka tana rufe sakamakon juyin mulkin Nijar, garinmu ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, shi kuma tsohon direba ne da zaman banza ke neman sa masa ciwo. Da aka gayyace ni taron masana harsuna a Ikko na ce ya raka ni. A hanya ne ya faɗa mini abin da ya ɗaure mini kai: shekara kusan talatin yana zirga-zirga tsakanin Apapa da kan iyaka, tafiyar fiye da kilomita 1,000, amma bai taɓa tsayawa a gaban buɗaɗɗen teku ba. Na yi dariya, sannan na tuna cewa mu 'yan boko ba mu fi shi ba. Mukan sauka a Ikeja, mu kwana a otal, mu yi taro ko mu bi layin biza, mu juyo muna ba da labarin cunkoson motoci kawai.

Mai karatu, idan kwana biyu gare ka, fara da tsibirin Ikko, kuma ka fito da asuba kafin gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 ta cika. A Onikan akwai gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1957. A nan aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsasan a jikinta. Kawu ya daɗe tsaye a gabanta bai ce uffan ba, daga bisani ya ce yana yaron mota a Kano ranar da labarin ya iso, kasuwa ta watse ba tare da an kore ta ba. Daga nan da ƙafa ma za ka isa dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila a daren 1 ga Oktoban 1960.

Kada ka bar tsibirin ba ka yi salla a masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins ba. Ƙarami ne idan aka gwada shi da babban masallacin Juma'a na garin, amma ya girme shi nesa ba kusa ba. A 1894 aka buɗe shi, maginan da suka komo daga Barazil ne suka tsara shi, kuma Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, ya aiko da wakili, wani Baturen Libaful da ya musulunta mai suna Abdullahi Quilliam, ya kawo wa mai masallacin, Muhammadu Shitta, sarautar Bey. Wannan fa shekara tara ke nan kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato.

A nan ne zan ɗan tsaya, domin a nan zancen yake. Ɗan Arewa kan shiga Ikko yana ɗari-ɗari kamar baƙon da ya zo jiya, alhali sawun kakanninsa yana ko'ina a garin. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara 'yan Hausawa, akasarinsu bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, ya kafa ƙaramar runduna da ake kira Hausawan Glover, wadda ita ce rundunar sojan Nijeriya ke danganta asalinta da ita har yau. Unguwar Obalende zangon sojojin Arewa ce tun asali. Agege kuwa goro da tashar jirgin ƙasa suka tara Hausawa a cikinta, bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma akwai gidajen da jikokin jikoki ne ke ciki yanzu. Mun yini a can. Na zauna a rumfar wani mai goro ina sauraren samari suna sauya harshe daga Hausa zuwa Yarbanci a tsakiyar jimla ɗaya ba tare da ko tuntuɓe ba, Hausar tasu tana da wani kari da ba na Kano ba ne, ba kuma na Zazzau ba. Ni dai a matsayina na ɗalibin harshe, wannan rumfar ta fi mini zauren taron da ya kawo ni amfani.

Harsunan biyu sun daɗe suna cin kasuwa da juna. Mun karɓo ashana da agogo da akwati, sun karɓi albasa da lafiya da wahala, suya kuwa ta yi tafiya har ta shiga ƙamus ɗin Oxford. Sai dai akwai kalma guda da ta tafi da mutuncinta ta dawo babu shi. Aboki a wurinmu kalmar girma ce, ba kowa ake ba ta ba. A bakin wasu mutanen Ikko ta koma laƙabin mai gadi da mai gyaran takalmi da ɗan acaɓa, a wani bakin ma ta koma wawa. A gabana wani yaro da bai kai jikan kawu ba ya daka masa tsawa da ita a tashar mota. Raina ya ɓaci, shi kuwa murmushi ya yi ya ce, "Rabu da shi, ɗan nan, bai san abin da ya kira ni ba." Ba zan ɓoye ba, zaman bai rasa tabo ba, an zubar da jini a Ketu a 1999, an kuma zubar a Idi-Araba a 2002. Amma wanda ya je kasuwar Mile 12 da sassafe ya ga tumatir da tattasai da albasar Arewa ana sauke su mota bayan mota, zai gane wa ke cika tukunyar wa.

Kwana na biyu na Badagiri ne, can yamma daf da iyakar Seme. Hanyar tana cin lokaci, a yi haƙuri da ita. Akwai gidan bene na 'yan mishan da aka gina a 1845, akwai ƙananan gidajen tarihi da ake nuna sarƙoƙi da marin da aka ɗaure bayi da su. Daga wannan gari ne Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bai kuma komo ba, a ƙasar Sakkwato ya rasu a 1827. Sai a shiga kwalekwale a ƙetara zuwa Gberefu, a taka cikin rairayi har gaɓar da ake lodin bayi. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da masu rakiya ke cewa ana shayar da bayi ruwanta domin su manta gida. Mutumin Daura ba zai wuce rijiya mai labari bai tsaya ba. Na tsaya ina tunanin cewa cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar wannan yanki akwai Hausawa masu yawa, har suka shirya bore a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1807, kuma a babban boren Musulmi na 1835 an sami layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Idan ma an shayar da su ruwan, bai ci su ba. A makarantunmu ana koya wa yara cinikin bayi kamar abin da ya sami wasu mutane can, kuma ba a cika faɗar cewa da hannun namu a kamun da sayarwar ba.

Game da shan iska, Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari babu ita yanzu, an cike wurin da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic. Mai son yashi sai ya nufi ɓangaren Lekki, inda akasari sai an biya kuɗin shiga, ko ya hau jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay. Shawara ɗaya ce tilas: iyon da aka koya a kududdufi ba ya aiki a nan, igiyar ruwan tana janye ƙafa ta ƙasa. Mai iyali kuma ya je da safe a ranar aiki, domin yammacin Lahadi kiɗa da shigar da ake yi ba za su yi wa kowa daɗi ba. A Lekki ɗin akwai gandun dajin da aka keɓe tun 1990, mai gadar igiya a saman itatuwa. Kawu ya leƙa ya ce shi da tsufansa ba zai yi gasa da birai ba.

A Gberefu ne ya fara ganin tekun. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya tsaya inda kumfa ke iso masa idon sawu. Ya ɗebo da tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya tambaye ni ko ana alwala da shi. Na ce malamai sun ce ana yi. Ya yi alwalarsa a tsanake, sannan ya juye ragowar ruwan gorarsa ya cika ta da na teku, ya ce zai kai wa inna ta gani, don ta daina cewa ƙarya yake yi tun shekara talatin da yake ce mata daga bakin teku yake.